Tankar da na haɗa a kan tebur

Jama'a, sati uku ke nan kullum in na taso daga ofis sai in zauna da gam da hantsaki ina haɗa wata 'yar tankar yaƙi ta roba, ƙirar kamfanin Tamiya na Japan. Mark IV ce, ta Ingila. Ta gasken tsawonta ya kai mita 8, tawa kuwa an rage ta sau 35, santimita 23 ce kacal.

Turawan Ingila ne suka fara shiga fagen fama da tanka, ranar 15 ga Satumba 1916, a Somme ta ƙasar Faransa. Don ɓad da sawu suka ce tankunan ruwa suke ƙerawa, sunan kuwa ya bi ta har yau. Irin wannan tawa, sama da 370 aka tura a Cambrai ranar 20 ga Nuwamba 1917.

Da na zo rufe murfin, sai jikina ya yi sanyi. A cikin tawa batir ne da ɗan inji. A ta gasken mutum 8 ne, injin na tsakiyarsu ba shamaki, ga hayaƙi, ga zafi, ga ƙara har ba mai jin wani, gudun kuma bai wuce kilomita 6 a awa ba.

Yanzu muna kallon bidiyon jirage marasa matuƙa suna ƙona tankoki a Ukraine, muna turawa juna kamar wasan ƙwallo. Wallahi 'ya'yan wasu ne a ciki. Allah Ya zaunar da duniya lafiya.