Tarbiyyar Addini a Shekaru Bakwai na Farko: Sauyin Gidan Bahaushe da Nauyin da Ya Koma kan Uwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ɗan Bahaushe Musulmi yake fara sanin addininsa a cikin gida, tun daga haihuwa zuwa shekara bakwai, lokacin da ake fara umartarsa da salla. Ta dogara ne kan littattafan malamai da aka saba karantawa a ƙasar Hausa, da binciken masana zamantakewa a Zazzau da Kano, da kuma abin da ake gani a gidajen birane a yau. Ta nuna cewa a babban gida na gargajiya hannaye da yawa ne suke renon yaro, kuma da ido yake ɗaukar ibada kafin a karantar da shi ita. Da gida ya tsuke, sai aikin ya rabu biyu: makaranta ta ɗauki karatu, uwa ta ɗauki saura ita kaɗai. Maƙalar tana ganin cewa karatun yara ya ƙaru, amma damar koyi da manya ta ragu, kuma makaranta ba za ta iya cike wannan giɓi ba.

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin ilimin Musulunci a Arewacin Nijeriya sun fi karkata ga makaranta: tsangaya, makarantar allo, Islamiyya, da batun almajirci, wanda Hannah Hoechner ta yi wa littafi guda a 2018. Ba laifi, domin makaranta tana da ƙofa a buɗe, ana iya shiga a ƙirga ɗalibai. Cikin gida kuwa, ba kowa ke wuce zaure ba. Saboda haka shekarun da yaro yake yi a bayan uwarsa, ko yana rarrafe a tsakar gida, sun zama kamar ba sa cikin tarihin iliminsa. Alhali kuwa a nan ne ya fara jin Bismillah, a nan ya fara ganin goshi a ƙasa. Tambayar wannan maƙala ita ce: wa yake yin wannan aiki a da, wa yake yin sa yanzu?

2.0 Matsayin Shari'a da Malamai

Nassoshin da suka shafi ƙaramin yaro sun fi ɗora nauyi a kan iyaye fiye da malami. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa ana haihuwar kowane yaro a kan fiɗira, iyayensa ne suke juya shi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwar shekara biyu, ta kuma ɗora ci da tufatarwa a kan uba. A Suratu Luƙman, aya ta 13 zuwa ta 19, uba ne da kansa ya zaunar da ɗansa yana yi masa wasiyya, tun daga tauhidi har zuwa yadda zai yi tafiya da yadda zai sassauta murya. Hadisin Abu Dawud kuma ya sanya shekara bakwai a matsayin lokacin umarni da salla, shekara goma lokacin tsawatarwa.

Abin lura shi ne babu umarni kafin bakwai. To me ake yi a waɗannan shekaru? Sunna ta amsa a aikace. Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ya koya wa agolansa Umar ɗan Abu Salama ambaton Allah da ci da hannun dama suna tsakiyar cin abinci, ba a zaman darasi ba. Imam Gazali, a babin horar da yara cikin Ihya'u, ya bi wannan hanya: ya fi ba da ƙarfi ga sabo, da abokan zama, da ladabin ci da sutura. Ibnul Ƙayyim ya keɓe littafi sukutum, Tuhfatul Maududi, ga hukunce-hukuncen jariri. Risala ma, wadda duk almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya sani, Ibnu Abi Zaid ya bayyana a gabatarwarta cewa don a koyar da yara aka rubuta ta.

Malaman jihadi sun gane cewa wannan aiki ba zai yiwu da jahilar uwa ba. A Nurul Albabi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da suke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta mayar da wannan suka aiki, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata jagorori da ake kira jaji suke kai karatu ga matan ƙauyuka cikin waƙoƙin da za a iya haddacewa ana daka ko ana kaɗi.

3.0 Babban Gida: Reno da Hannu da Yawa

Mafi kyawun hoton cikin gidan Bahaushe na da shi ne labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954. Wanda ya karanta shi zai ga cewa ba mahaifiya kaɗai ke da yaro ba. Akwai kaka, da gwaggo, da inna, da kishiyar uwa, da yayye. Kunyar ɗan fari takan sa uwa ta ƙi kiran sunansa, ta riƙa kawar da kai daga gare shi a gaban mutane, wani lokaci ma a ba da shi riƙo. Idan lokacin yaye ya yi, gidan kaka ake kai shi. Maganar nan ta “ɗa na kowa ne” bayanin tsarin aiki ce: duk babban da ya ga yaro yana ci da hagu yana da ikon gyara masa hannu.

A irin wannan gida addini yana tafe ne tare da agogon yini. Jariri yakan ji kiran salla a kunnensa ranar da ya zo duniya, a rana ta bakwai a raɗa masa suna a yanka rago. Yana goye zai ji uwarsa tana salati a bakin murhu. Da ya fara tafiya, shi ne mai ɗauko wa kaka buta, shi ne mai hawa bayan wanda ya yi sujada. Yarinya takan ɗaura ɗankwalin uwarta ta tsaya a gefenta tana dungura goshi, ba alwala, ba karatu, kuma ba mai hana ta. Idan azumi ya zo, ɗan shekara biyar ko shida yakan tashi sahur don kada a bar shi a baya, ya kai azahar ya sha ruwa, manya su yaba masa. Da dare kuwa tatsuniyar kaka ce take nuna masa ƙarshen mai haɗama irin Gizo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka tsara a matsayin darasi, amma a haɗe su ne suke gina halayen da Kirk-Greene ya tattara a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki: gaskiya, amana, haƙuri, kunya, ladabi da sauransu.

Binciken Enid Schildkrout a birnin Kano a shekarun 1970 ya ƙara wani haske. Ta nuna cewa yara su ne manzannin matan kulle: su ke aike, su ke talla, su ke shiga kowane gida ba shamaki. Ma'anar wannan ga batunmu ita ce yaro yana ganin manya iri-iri a yini guda. Yana wuce zauren malam, yana ganin sahun salla a ƙofar gida, yana kai sadakar ƙosai ranar Juma'a.

Sai dai bai kamata a yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Mata da yawa sun yi reno ba su iya gyara Fatiha ba. Talla ta hana 'yan mata karatu, ta jefa wasu cikin hatsari. Kunya kuma, duk da kyawunta, ta sa uba da ɗa sukan shekara ba su yi hirar minti biyar ba.

4.0 Da Gida Ya Tsuke

Abubuwa uku suka haɗu suka sauya wannan tsari. Na farko makarantar boko, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya fitar da yara daga gida da safe. Na biyu bunƙasar Islamiyya, wadda Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka yi mata fafutuka tun shekarun 1950, ta kuma ƙara yaɗuwa bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985. Na uku shi ne sauyin muhalli: ango ba ya son ɗaki a gidan gado, ya fi son ciki da falo na haya a sabuwar unguwa, nesa da uwarsa da gwaggonninsa.

Ribar da aka samu a fili take. Uwar yau, wadda ta yi Islamiyyar matan aure, ta san Ahalari da Arba'una Hadisan, tana karanta Alƙur'ani da tajwidi, abin da kakarta ba ta samu ba. Ba abin mamaki ba ne yanzu a ji ɗan shekara biyar yana kawo addu'ar shiga banɗaki da ta fita, ya biya ƙananan surori tiryan-tiryan. Duk mai kishin addini zai yi murna da wannan.

Amma a dubi yinin wannan yaro. Da sassafe an sa shi a Keke Napep zuwa nazare, tun yana shekara uku ko ƙasa da haka. Ya dawo da rana, ya ci abinci, la'asar ta yi ya tafi Islamiyya. Asabar da Lahadi akwai hadda. Uba ya fita tun yaron bai gama shiri ba, ba zai dawo ba sai bayan isha'i, wataƙila ma ya tsaya majalisa. Sallolinsa biyar duk a waje ya yi su, don haka ɗansa bai gan shi yana alwala ba, balle ya bi shi masallaci. Uwa kuma, ga girki, ga wanki, ga goyo, ga ciki, wata ga aikin ofis ko sana'ar sayar da kaya ta waya. Babu kaka da za ta karɓi mai kuka. Abin da ke karɓarsa shi ne wayar hannu ko talabijin, ko kuma 'yar aiki, yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye wadda ita kanta ba ta wuce a rene ta ba. A ganin wannan maƙala, wannan 'yar aiki ita ce malamar da aka fi mantawa da ita a tarbiyyar yaran birni: tana yini da su, amma ba kasafai ake tunanin sa ta a makaranta ba.

Sakamakon shi ne yaro yana da haddar addu'o'i da yawa, amma mutanen da yake gani suna aiki da su kaɗan ne. An koya masa hadisin gaskiya a aji, ya dawo gida an ce ya gaya wa mai bin bashi cewa Baba ba ya nan. Ƙaramin yaro bai iya raba magana da mai maganar ba. Abin da ya gani shi ne addini a wurinsa.

5.0 Batun Duka

Gajiyar uwa tana da alaƙa da bulala. Murray Last, a maƙalarsa ta shekarar 2000 a mujallar Africa, ya kwatanta al'adun horo a Arewa, ya nuna cewa Maguzawan karkara ba su ɗauki dukan yara abin yi ba kamar yadda aka saba da shi a wajen karatun allo. Wannan ya isa ya sa mu tambayi kanmu daga ina dukan ɗan shekara huɗu a kan karatu ya samo asali, tunda hadisin da ake kafa hujja da shi bai ambaci tsawatarwa ba sai a shekara goma, kuma a kan salla. A babban gida, idan ran uwa ya ɓaci, yaro yana da inda zai gudu, kaka ta ɓoye shi a bayanta har fushi ya huce. A ciki da falo babu wannan mafaka. Uwar da ta yini a tsaye ita ce mai hukunci, ita ce kuma mai lallashi, kuma sau da yawa ƙarfin na biyun ya riga ya ƙare.

6.0 Shawarwari

Babban gida ba zai dawo ba, kuma ƙara wa yaro awannin makaranta ba zai maye gurbinsa ba. Mutum ɗaya ne ya rage a ƙaramin gida wanda bai ɗauki kasonsa ba, shi ne uba. An daɗe ana wa'azin cewa uwa ita ce makarantar farko, har maganar ta zama mafakar maza. Ciyarwa da biyan kuɗin makaranta kawai ake lissafa musu. Ya kamata masu huɗuba da masu tafsirin azumi su riƙa faɗa wa maza ƙarara cewa yin nafila a gida inda yara za su gani, da riƙe hannun yaro zuwa sallar magariba, da cin abinci kwano ɗaya da shi, suna cikin haƙƙin da ke wuyansu. Hukumomin Islamiyya su sake duba yawan haddar da ake ɗora wa 'yan ƙasa da shekara shida, su kuma buɗe aji ga 'yan aikin gida. Ga masu bincike kuwa, musamman ɗalibai mata a sassan Hausa da na nazarin addinin Musulunci, waɗanda su ne za su iya wuce zaure, ana buƙatar su shiga gidajen Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram su rubuta yadda ƙaramin yaro yake yini a yau, kamar yadda Schildkrout ta yi kusan shekara hamsin da suka wuce.