Daren Ƙarshe Na Queen A Knebworth

Ranar 9 ga Agustan 1986 ƙungiyar mawaƙan rok ta Queen ta yi wasa a Knebworth da ke Ingila, gaban mutum kusan 120,000. Babu wanda ya san shi ne wasan ƙarshe da Freddie Mercury zai yi da su. Ya rasu a Nuwamban 1991.

Faifan Live Magic da aka fitar ya ƙunshi wasu waƙoƙin daren, amma an yayyanke su. Mai son jin daren yadda ya gudana sai ya nemi abin da 'yan kallo suka naɗa a ɓoye. Sautin ba tas yake ba, ihu kan danne kiɗan, amma a nan ake jin dubban muryoyi suna amsa wa Freddie. Kaset ɗin da a da ake ɗauka na sata, yau ya zama shaidar tarihi.