Sulke da lifidin hawan Sallah: za su iya tare kibiya kuwa?

Idan ka taɓa tsayawa a Ƙofar Soro a Katsina ranar hawan Sallah, lokacin da hakimai ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, har da na kudancin masarauta irin su Sarkin Pauwa na Ƙanƙara da tawagar Faskari da ta Sabuwa, to babu mamaki idonka ya tsaya kan 'yan lifida da 'yan sulke. Shin kayan da ke jikinsu na yaƙi ne, ko kwaikwayo ne aka yi don kallo?

Bari mu koma baya. Tsohon littafin tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke fagen daga. Sulke dai riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe, kowane zobe ya sarƙe huɗu na kusa da shi. A na asali, sai maƙeri ya buge bakin zoben ya baje, ya huda, ya sa ɗan mitsitsin ƙusa ya danne. Ka tuna riga guda kan iya cin zobe sama da 20,000, nauyinta ya kai kilo 10. Shi ya sa ya yi tsada, kuma akasarinsa ta Sahara fatake suka kawo shi. Wani masani ɗan Ingila, A.D.H. Bivar, ya binciki irin waɗannan kaya na fadojin Arewa, ya fitar da littafi a kansu a 1964.

Lifidi kuwa namu ne na gida. Yadi ne biyu ake cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada ta zube ƙasa ta dunƙule. Ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ta noman auduga ce, saboda haka mutanen can sun san yadda take lanƙwame duka. Kibiya ta shiga, zaruruwa su riƙe ta, ƙarfinta ya watsu, dafin bakinta ma ya goge kafin ta kai fata. Sulke yana hana takobi yanka, amma ba ya hana ƙashi karyewa, dole sai da riga mai kauri a ƙarƙashinsa.

Wahalar tana wajen sawa. Sulke duk nauyinsa a kafaɗa yake sauka, sai an yi ɗamara tukuna ƙugu ya karɓi wani kaso. In ya matse a hammata, ba ka iya ɗaga mashi. Lifidin doki kuma in ya yi tsawo ya harɗe masa ƙafa, in ya yi gajere ya bar ƙirji a buɗe. Ga zafi, ga kama wuta, musamman audugar rimi. Baturen nan Clapperton ya ga 'yan lifida a rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Gobirawa a 1826, ya rubuta cewa ɗaga mahayin ake yi a ɗora shi kan doki. To ka ga in ya faɗo, sai ta Allah.

Bindiga ta kashe wannan fasaha. Bayan 1903, da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, kayan suka bar fagen daga suka koma na hawa: na Yariman Ingila a Kano a 1925, na Sarauniya a Kaduna a 1956, na FESTAC a 1977. Daga nan abin da ake nema ya sauya. A da kibiya ce alƙali, yanzu idon mai kallo ne. Mai yin sabon sulke ba ya buƙatar ƙusa a kowane zobe, ya naɗe waya ya yanka ya haɗa baki da baki, shi ke nan. Daga nesa ba ka bambance su, amma mashi ya soke shi zobban buɗewa za su yi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba. Masu fim ɗin The Lord of the Rings ma da bututun roba suka yanka miliyoyin zobba, don 'yan wasa su iya yini da kayan a jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin. Matsalar tsaro ta sa an sha soke hawa a Katsina a wasu shekarun baya, kayan da ba a fito da su kuwa tsatsa da gara ne ke gadonsu. In akwai tsohon sulke a adakar gidanku, ɗauko shi ka duba zobe ɗaya a hasken rana. In ka ga ɗan tudun ƙusa a inda bakin ya haɗu, shafa masa mai kaɗan, ka aje shi inda babu danshi, kuma kada ka bari 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli.