Asalin Kalma: Sukari da Suga

A kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara da ke Gwaram, dattijo zai ce a auna masa sukari, matashiya mai sana'ar kek kuma ta ce suga. Kalmomin biyu uwarsu ɗaya.

Tushensu Indiya ne, inda aka fara daskarar da ruwan rake. A harshen Sanskirit ana cewa "sharkara", wato tsakuwa, saboda kamannin ƙwayoyinsa. Farisawa suka mayar da ita "shakar", Larabawa suka ce "sukkar". Daga bakin fataken Larabawa masu ratso Sahara Bahaushe ya karɓa, ya ƙara wasali a ƙarshe kamar yadda ya saba: sukari. Ita dai wannan kalmar Larabcin ta tsallaka Turai, ta zaga har Ingila, ta dawo mana a matsayin suga ko siga bayan Turawa sun ci Kano a 1903.

Yau kowacce na da gurbinta. A rubuce akan ce ciwon sukari, a madafa kuwa suga ta fi yawo. Mai ƙawata kek ɗin biki takan dafa suga da ruwa da sitacin masara da ruwan lemon tsami, tana juyawa har ya yi kauri yana sheƙi. In ya huce ta sa kala, ta rubuta sunan amarya.

Mai karatu, ka riƙe duka biyun, domin kowacce Hausa ce ingantacciya.