Singafo zuwa New York: Tafiya mafi tsawo a jirgin fasinja

Tazarar da ke tsakanin Singafo da filin jirgin sama na JFK a birnin New York ta haura kilomita 15,300, kuma a yau babu jirgin fasinja da ke yin tafiyar da ta kai wannan ba tare da ya yada zango ba. Kamfanin Singapore Airlines ne ya soma wannan jigila a watan Nuwamban 2020, tafiyar kuwa takan ɗauki fiye da sa'o'i 18. Matuƙa ba sa bin hanya ɗaya kullum. Wata rana su ratsa ta saman Tekun Fasifik, wata rana ta Atlantika, gwargwadon inda iska ta nufa, domin iskar da ke tura jirgi ta baya tana rage cin mai da ɓata lokaci, ko da hanyar ta fi nisa.