Shekara 200 Ana Neman Tsakiyar Bim

A wurin masu sayar da ƙarfen gini, idan ka leƙa bakin babban bim ɗin nan da ake ɗora rufin masana'anta a kansa, siffar harafin I za ka gani: leɓe mai faɗi a sama, irinsa sak a ƙasa, siririn ƙarfe a tsaye ya haɗa su. Ko ka kifa shi ko ka birkice shi, duk ɗaya ne. Mai kallo zai ɗauka tun fil azal haka abin yake. Alhali sai da aka shafe fiye da shekara 200 ana gardama, ana karya katako da ƙarfe a wuraren gwaji, har rayuka suka salwanta, kafin a tsaya a kan wannan siffa. Ko da aka tsaya ɗin ma, ba kowane kayan gini ne ya yarda da ita ba.

Galileo ne ya fara ɗaukar maganar da lissafi. A 1638, yana tsoho, ana tsare da shi a gidansa kusa da Florence ta Italiya, aka buga masa littafi a Leiden ta ƙasar Holan. A ciki ya zana gungumen katako da aka kafa a bango, an rataya masa nauyi a baki, ya tambaya: nauyi nawa zai karya shi? A ganinsa, gefen ƙasa na katakon, daidai inda ya taɓa bango, shi ne madogara, sauran jikin kuwa daga ƙasa har sama ja yake sha, kuma ja iri ɗaya. Ya dace a abu guda mai muhimmanci, wato idan ka ninka tsayin bakin katako sau biyu, ƙarfinsa sau huɗu yake ninkuwa, shi ya sa falanki a tsaye ya fi falanki a kwance ɗaukar kaya. Sai dai ƙarfin da lissafinsa ya ba katakon ya ninka na lissafin yau sau uku.

Kuskuren yana wurin madogarar. Duk wanda ya taɓa karya rake a gwiwa ya san bayan raken ne yake fara tsagewa, gefen da ke jikin gwiwa kuwa matsewa yake yi. To idan gefe ɗaya na miƙewa ɗayan na matsewa, dole akwai wani layi a tsakani da ba a jansa ba a matsa shi, layin ba-ruwana. Robert Hooke na Ingila ya faɗi wannan miƙewa da matsewa a 1678. Edme Mariotte, wanda aikin bututun ruwan fadar Versailles ya sa shi gwajin sanduna na katako da na gilashi, ya gane cewa layin a tsakiya yake, amma ya yi tuya ya manta da albasa: wani "biyu" ya suɓuce masa a lissafi, amsar da ta fito a littafinsa na 1686 ta zama ninkin gaskiya. Antoine Parent ya gyara a 1713, duniya ta yi masa kunnen uwar shegu. Sai da Charles Coulomb, injiniyan soja da ya dawo daga ginin ganuwa a tsibirin Martinique, ya sake warware matsalar a 1773, sannan Navier ya shigar da ita darasin makarantar gadoji da hanyoyi ta Paris a littafinsa na 1826, aka samu matsaya: muddin abu yana amsa ja da matsi iri ɗaya, layin ba-ruwana yana bi ta cibiyar bakin bim.

Wannan "muddin" ita ce mutane suka riƙa tsallakewa. Daga lissafin Navier, hankali yana cewa ƙarfen da ke kusa da tsakiya zaman banza yake yi, a kwashe shi a kai sama da ƙasa inda ake aiki, a raba daidai wa daida. Shawarar da Thomas Tredgold ya bayar ke nan a littafinsa na 1822 kan ƙarfen zubi, wanda a lokacin da shi ake yin bim na masaƙun Ingila. Amma ƙarfen zubi ba ya rabon adalci. Ka danne shi, zai jure abin mamaki. Ka ja shi, sai ya tsinke farat ɗaya ba gargaɗi. Eaton Hodgkinson, wani masanin lissafi a Manchester da ya samu wurin gwaji a ma'aikatar William Fairbairn, ya yi ta zuba bim iri-iri yana karya su, yana ƙara girman leɓen ƙasa kaɗan-kaɗan. A wajajen 1830 ya kai ga siffar da ido ba ya so: leɓen ƙasa ya ninka na sama kusan sau shida. Bim ɗin ya fito kamar an yi kuskure wajen zuba shi, amma da ƙarfe daidai gwargwado ya fi mai kyan gani ɗaukar nauyi. A ganina nan ne aikin injiniya ya rabu da aikin mai zane. Hodgkinson ya bar daidaiton siffa don ya samu wani daidaiton da ya fi shi amfani, wato sama da ƙasa su gaji a lokaci ɗaya, kada ɗaya ya karye ɗayan na da sauran ƙarfi a ajiye.

Sama da ƙasa ke nan. Saura dama da hagu, kuma wannan darasin da jini aka biya shi. Ranar 24 ga Mayu, 1847, gadar jirgin ƙasa da Robert Stephenson ya gina a kan kogin Dee a Chester ta karye jirgi na kanta, mutum biyar suka mutu. Kowane bim na gadar ya kai kusan mita 30, gutsure uku na ƙarfen zubi aka haɗa da kusoshi, aka ɗaure da sandunan bugaggen ƙarfe. Idan ka dubi bakinsa, dama da hagu ɗaya suke. Amma katakan da ke ɗauke da layin dogo a kan leɓen ƙasa na ciki kaɗai aka ɗora su, saboda haka duk jirgin da ya wuce, ban da lanƙwasa bim ɗin, murɗa shi yake yi. Ga shi kuma a ranar an zuba tsakuwa a kan katakan don kada tartsatsin jirgi ya kunna musu wuta, nauyi ya ƙaru. Har yanzu masana na ja-in-ja ko murɗewar ce ta kayar da gadar ko tsagar da ta daɗe tana ci a kusurwar leɓen, amma ko wanne ne, nauyin da ya zauna gefe ɗaya yana da hannu.

Abin ban sha'awa, a daidai wannan lokaci Stephenson da Fairbairn da Hodgkinson suna kan gwajin gadar Britannia ta mashigin Menai a Wales, wadda aka buɗe a 1850. Wannan karon da fallayen bugaggen ƙarfe aka yi wani ƙaton bututu mai kusurwa huɗu, jirgi na bi ta cikinsa, tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi mita 140. Sai lamarin ya juye. Bugaggen ƙarfe ba ya tsoron ja, amma siririn falle idan aka matsa shi tanƙwarewa yake yi tun kafin ƙarfinsa ya ƙare. Sama ce ta riƙa gazawa a gwaji. Aka yi wa rufin bututun ƙananan akwatuna takwas a jere, ƙasansa shida. Cikin shekara 20, mutum ɗaya, Hodgkinson, ya ga bim mai nauyin ƙasa ya kuma ga mai nauyin sama, kowanne da hujjarsa.

Siffar I mai ɓangarori daidai ta samu gindin zama ne da aka fara murza bim na bugaggen ƙarfe a masana'antun Beljiyam da Faransa a wajajen 1849, ta kuma mamaye duniya bayan hanyar Henry Bessemer ta 1856 ta sa tataccen ƙarfe ya yi araha. Wannan ƙarfen yana amsa ja da matsi kusan iri ɗaya, don haka sharaɗin Navier ya cika. Injin murzawa ma ya fi jin daɗin abu mai ɓangarori daidai, haka leburan da ba sai ya tambayi ina ne sama ba.

Kankare ya dawo da hannun agogo baya. Ƙarfinsa wajen matsi ya ninka na ja kamar sau goma. Joseph Monier, mai aikin lambu a Faransa da ya yi rajistar tukwanen furanni na siminti da ragar ƙarfe a 1867, a tsakiyar kaurin yake yawan sa ƙarfensa, wato a kan layin ba-ruwana, inda ƙarfe ba shi da aikin yi idan abin ya lanƙwasa. Ba'amurke Thaddeus Hyatt ne, bayan gwaje-gwajen da ya wallafa a Landan a 1877, ya nuna a fili cewa wurin ƙarfe shi ne gefen da ake ja. Kowane birkila a Kano ko Maraɗi yau da wannan ilimin yake aiki, ko ya san sunan Hyatt ko bai sani ba: rodin dekin a ƙasa yake, an ɗaga shi kaɗan daga katako. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne barandar da ta leƙo waje ba ginshiƙi. A nan sama ce ake ja, rodi a sama ya kamata ya zauna. In mai ɗaurin rodi ya bi sabo ya shimfiɗa shi a ƙasa, ko masu ɗaukar kankare a kwano suka tattake shi ya nutse, daga waje ba wanda zai ga bambanci. Ranar da aka cire katakon tokara ake sani, wani lokacin ma sai an yi shekaru.

A ƙarni na 20 aka gano wata cibiyar ta biyu. Carl Bach a Stuttgart ta Jamus ya lura a wajajen 1910 cewa bim mai siffar C murɗewa yake yi ko da an ɗora nauyi daidai kan cibiyarsa. Robert Maillart, maginin gadojin kankare na Suwizalan, ya bayyana dalili a 1921: akwai wani ɗigo dabam da nauyi zai bi kafin bim ya lanƙwasa ba murɗewa, kuma a siffar C ɗigon a waje yake, bayan ƙarfen, cikin iska. A siffar I cibiyoyin biyu a wuri ɗaya suke, shi ya sa aka daɗe ba a san biyu ba ne.

Gini sukutum ma haka yake. A girgizar ƙasar birnin Meziko ta 19 ga Satumba, 1985, benayen kusurwar titi sun yi yawa cikin waɗanda suka rushe. A takarda murabba'i ne masu ginshiƙai a jere. Amma ɓangarori biyu da ke jingine da maƙwabta an cike su da bulo, biyun da ke kallon titi kuwa gilashi ne da ƙofofin shaguna. Cibiyar tauri ta gudu zuwa kusurwar baya, cibiyar nauyi ta tsaya a tsakiya, ƙasa na motsawa gini ya murɗe, ginshiƙan bakin titi suka sha wahalar. Ƙa'idojin gini na Turai da Amurka a yau ba sa yarda da daidaiton da ke kan takarda: ko da zanen ya nuna komai daidai, suna tilasta wa injiniya ya ɗauka cewa cibiyar nauyin kowane hawa ta goce da kashi 5 cikin 100 na faɗin ginin, ya yi lissafinsa a kan haka.