Siyasar Matasa: Rafin Ya Ƙafe Ne, Ko Rani Ake Ciki?



Tun bayan zaɓen 2023 magana ɗaya ke yawo a bakin samari da 'yanmata, daga Rurum har Tarai: wai zafin siyasa ya wuce, abin da za a yi an riga an yi shi. Masu faɗin haka suna da hujja. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan 69 cikin 100 na masu rajista sun fita. A 2015 aka dawo wajen 44, a 2019 wajen 35, a 2023 kuma ko 30 ba a kai ba. Alhali a cikin mutum fiye da miliyan 93 da ke da rajista a wannan shekarar, kusan miliyan 37 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. A nan jihar Kano, masu rajista sun kusa miliyan shida, amma waɗanda suka zaɓi gwamna wajen miliyan biyu ne kawai.

Sai dai wanda ya ga rafi da rani bai isa ya yanke masa hukunci ba. Bari mu waiwaya.

Ranar 8 ga Agusta 1950, mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Ɗaya daga cikinsu, Maitama Sule, bai wuce shekara 21 ba. Malam Aminu Kano, wanda ya zama jagoransu daga baya, yana da 30. Gambo Sawaba ta Zariya ko 20 ba ta kai ba lokacin da ta shiga, ta kuma sha ɗauri sau da dama, a zamanin da macen Arewa ba ta da ƙuri'a ko ɗaya. Ku lura da wannan: ta yi gwagwarmayar zaɓen da ita kanta ba a yarda ta jefa ƙuri'a a cikinsa ba. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi ƙarfi a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, wakilai na zaɓen wakilai, kafin a kai sama an tace su tas.

Wani abu kuma da yawancinmu ba a gaya mana ba: Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda daga baya ta zama NPC, shugabanta na farko Kirista ne, Dokta R.A.B. Dikko, wanda ya tashi a Wusasa, likitan farko daga Arewa. Bai kai shekara 40 ba a lokacin. Don haka mai cewa siyasar ƙasar Hausa ba gonar Masihiyawa ba ce, ya koma ya tambayi tarihi.

Soja suka karɓi mulki a Janairun 1966, aka rushe jam'iyyu. Da a ce ka tambayi saurayin Rano a 1970 ko siyasar matasa ta ƙare, da ya ce maka ta mutu an binne. Shekara goma sha uku babu zaɓen gwamna, babu na shugaban ƙasa.

Amma 1979 ta zo da abin da ya fi na farko. An rage shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18, matan Arewa suka yi zaɓen ƙasa karo na farko, PRP ta ci Kano, Abubakar Rimi ya hau gwamna yana da shekara 39. Da hawansa ya soke haraji da jangali. A nan nake so mu ɗan tsaya, domin ku da aka haifa daga baya ba ku san nauyin haraji ba. Ku tambayi dattawan ikkilisiyarku. Kuɗi ne a kan kowane namiji baligi, ko gona ta yi ko ba ta yi ba. Mai unguwa ya tara wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Magidanci kan sayar da akuya ko ya buɗe rumbu kafin lokaci don ya fita kunya, wani kuma ya tsere ci-rani. Wannan kaya bai tambayi addinin kowa ba: Musulmi, da Kirista, da wanda ke kan al'adar kakanni, duk wuya ɗaya ya danne. Samarin 1950 sun ambaci wannan ciwo da sunansa, suka riƙe shi shekara kusan talatin, har aka sauke shi. A ganina, wannan ce riba mafi girma da talakan karkarar Kano ya taɓa ci daga akwatin zaɓe.

Daga nan sai hawa da sauka. Juyin mulkin ƙarshen 1983 ya sake rufe ƙofa. A Yunin 1993 Kanawa suka ba Abiola rinjaye a kan Bashir Tofa, ɗan garinsu, aka soke zaɓen. A Mayun 2018 aka sa hannu a gyaran dokar da ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25.

To, me ya bambanta mu da na da? Ba ƙarfin murya ba ne; mu da ke da waya da Facebook mun fi su amo nesa ba kusa ba. Su suna da buƙata guda mai suna, suna da reshe a unguwa da ƙauye, suna kuma taruwa ko babu zaɓe a gaba. Mu kuwa sau da yawa mutum muke bi, hularsa da hotonsa. In ya sauya jam'iyya sai mu rasa inda muka dosa. Ga kuma taliya da sabulu da 'yan kuɗi ranar zaɓe. Farawa sura 25 ta ba mu labarin Isuwa da abin da ya sayar saboda kwano guda, kuma yunwarsa ta gaske ce, kamar yadda tamu take ta gaske. Ban raina yunwar kowa ba. Amma kwanon ya ƙare a yini ɗaya.

Game da mu matasan ikkilisiya a ƙasar Rano da Kibiya, ina ganin tambayar ma ba ta hau kanmu ba tukuna. Yaya za a ce mun kai ƙololuwa a kan dutsen da da ƙyar muka fara hawa? Mun saba cewa mu kaɗan ne, ƙuri'armu ba za ta juya komai ba. A zaɓen shugaban ƙasa, wataƙila. Amma jihar nan tana da mazaɓun kansila 484, kuma a wannan mataki ne ake maganar rijiyar burtsatse, da malamin firamare, da hanyar da damina ke yankewa, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai da ita yaro ke samun gurbin karatu ko aiki. Annabi Irmiya, a sura 29, ya umarci waɗanda aka kai bauta Babila su nemi lafiyar birnin da suke zaune, su yi masa addu'a. Su baƙi ne a can. Mu nan aka binne cibiyarmu.

Saboda haka, a taron zumunta na gaba, ina roƙon shugabannin matasa su ɗauki takarda su rubuta: mutum nawa ne a cikinmu suka cika 18, nawa ke da katin zaɓe a hannu, nawa suka san sunan kansilansu, kuma wace buƙata ɗaya ce za mu iya kai masa tare da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da su.